HASUMIYAR COCI A KANGO: ABIN DA TSOFAFFIN HOTUNAN TURAI KE FAƊI

(Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai)

 

Da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabin bana, ya ce in zaɓi abin da na ga dama, muddin dai ba siyasa ba ce, ba kuma maganar albashi ba. To, ma'aikacin gwamnati idan aka hana shi waɗannan biyu, ai an kusa rufe masa baki. Saboda haka sai na koma ga abin da na karanta a jami'a, watau tarihi, na zaɓo wani ɗan lungu daga cikinsa wanda na san da yawanmu ba su taɓa leƙawa ba. Na ga wasu sun yi murmushi da suka karanta kan maganar a takardar gayyata. Ku yi mini haƙuri na ɗan lokaci, kafin in zauna za ku ga inda abin ya shafe mu.

Duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin littattafan Turawa, ko ya lura da hotunan da ke jikin tsohuwar kalanda ko gwangwanin biskit na da, zai tuna da wani irin hoto da ke yawan maimaituwa. Ga fili, ga shanu ko tumaki suna kiwo, ga makiyayi ya jingina da sanda, ga gizagizai sun taso, can baya kuma ga doguwar hasumiyar coci ta dutse tsaye, ba rufi, ba ƙararrawa, ciyayi sun fito a kanta, hankaki na shawagi. Irin waɗannan hotuna an buga su dubbai a Holan da Ingila da Jamus daga wajen shekarar 1600 har zuwa tsakiyar ƙarni na 19. Yanzu manyan gidajen adana kayan tarihi na Amsterdam da Landan sun zuba da yawa daga cikinsu a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Tambayar ita ce, me ya sa mutum mai hankali zai sayi hoton rusasshen wurin ibadarsa ya rataye a ɗaki?

Bari in fara da yadda ake yin hoton, domin yana da nasaba da maganar. Lokacin babu kyamara. Mai zane zai sami farantin jan ƙarfe ya goge shi sumul. Wani yakan sassaƙa zanen kai tsaye da ɗan ƙarfe mai tsini. Wani kuma yakan shafe farantin da kaki, ya yi zanen da allura, sa'an nan ya tsoma shi cikin ruwan asid, asid ɗin ya ci wuraren da allura ta buɗe, ya bar inda kaki ya rufe. Daga nan sai a shafa tawada ta shiga ramukan, a goge sauran, a ɗora takarda mai danshi, a matse da inji. Hoton yakan fito a juye, dama ta koma hagu, don haka tilas mai zanen ya yi tunani a baibai. Faranti guda yakan ba da ɗaruruwan hotuna kafin ya lalace, kuma da aka soma amfani da farantin baƙin ƙarfe mai tauri bayan 1820 sai lissafin ya koma dubbai. Abin lura a nan shi ne, zanen fenti guda ɗaya ne tak, yana gidan sarki ko attajiri. Hoton ɗab'i kuwa kayan kasuwa ne, malamin makaranta da akawu da mai kanti duk suna iya saye. Mai buga shi ba zai ɓata jan ƙarfensa a kan abin da ba a so ba. Idan kango ya yi yawa a hotunan, to jama'a ne ke neman kango.

Sa'an nan mu san mene ne hasumiya a wurin mutumin Turai na wancan zamani. Ita ce gini mafi tsawo a garinsu. A cikinta ƙararrawa take, wadda ke kiran ibada, ta faɗi lokaci, ta sanar da gobara ko zuwan abokan gaba, ta kuma sanar da mutuwa. Matafiyi da ita yake gane ya kusa gida, matuƙin jirgin ruwa da ita yake gane gaɓa. Saboda haka idan aka zana ta babu ƙararrawa, mai kallo ya san ana nufin garin da aka yanke wa harshe. Akwai kuma wata tsohuwar ma'ana da ke bin kowane dogon gini, ta girman kai. Kiristocin cikinmu sun san labarin hasumiyar Babila, Musulmi kuma sun san ƙissar Fir'auna da ya umurci Hamana ya gina masa dogon gini. Tun a 1547 wani mai zane na Amsterdam, Cornelis Anthonisz, ya buga hoton hasumiyar Babila tana rugujewa, mutane na tarwatsewa a ƙarƙashinta. Watau ginin da ke nuna sama don tunatar da mutane Ubangiji, shi ne kuma ke iya zama shaidar alfaharin wanda ya gina shi. Masu zane sun yi wasa da ma'anonin nan biyu ƙwarai.

Amma waɗannan kangaye ba tsufa ne ya kayar da yawancinsu ba. Mutane ne. A Ingila, Sarki Henri na Takwas, bayan ya ɓata da Paparoma, ya rufe gidajen ruhubanawa sama da 800 tsakanin 1536 da 1540, ya ƙwace filayensu da dukiyarsu. Abu na farko da ma'aikatansa kan yi shi ne kwashe dalmar da aka yi rufi da ita da sauke ƙararrawa, domin su ne masu kuɗi. Gini kuwa da zarar an cire masa rufi, ruwan sama zai ƙarasa aikin, maƙwabta kuma su yi ta jidar duwatsu suna gina gidajensu. Hasumiya ce kan rage, saboda katangarta ta fi kauri, rushe ta kuma akwai tsada da hatsari. A kan tudun Glastonbury har gobe akwai wata hasumiya tsaye ita kaɗai ba rufi. A kan tudun nan ne aka rataye Richard Whiting, shugaban ruhubanawan wurin na ƙarshe, a cikin Nuwamba 1539, yana tsoho. Ɗan Katolika idan ya ga hotonta, kabarin shahidi yake gani. Ɗan Furotesta na wancan lokaci kuwa yana ganin ranar da ƙasarsa ta fita daga hannun Rum. Hoto ɗaya ne, daga faranti ɗaya, mai buga shi kuma ya sayar wa kowannensu ya karɓi kuɗinsa.

Akwai wata da nake so ƙwarai saboda abin mamakin da ke cikin labarinta, ita ce hasumiyar Fountains a arewacin Ingila. Ruhubanawan wurin 'yan wata ɗariƙa ce da tun farko ta hana mabiyanta gina hasumiyar dutse, don gudun nuna isa. Da suka yi arziki da cinikin ulu, sai shugabansu Marmaduke Huby ya gina wata mai tsawon kusan mita 50 wajen shekarar 1500. Ba ta yi shekara 50 ba aka rufe gidan, a 1539. Bayan shekara fiye da 200, a 1767, wani mai arziki maƙwabcin wurin, William Aislabie, ya sayi kangon ɗungurungum ya haɗa shi da lambunsa, don baƙinsa su riƙa hangensa idan sun fito shan iska.

A Holan ma haka abin yake, sai dai can yaƙi ne. Sun yi shekara 80 suna fama da Sifen, daga 1568 zuwa 1648. Gidan ruhubanawa na Egmond sojojin 'yan tawaye ne da kansu suka lalata shi a 1573, na Rijnsburg kuma ya tafi a 1574, lokacin da aka yi wa birnin Leiden ƙawanya. Wani gwani mai suna Hercules Segers, wanda Rembrandt kansa ya riƙa tara ayyukansa, ya buga hoton kangon Rijnsburg, ya bi tubalin ginin ɗaya bayan ɗaya, ga ciyayi sun lulluɓe katanga har mutum ya kasa gane inda gini ya ƙare daji ya fara. Mutanen da suka sayi irin wannan hoto iyayensu sun ga wurin da rufinsa. Kango a wurinsu tabo ne na kwanan nan, yana tuna musu abin da 'yancin ƙasar ya ci.

A nan ne kuma ya kamata in ja kunnenmu, kada mu ɗauki waɗannan hotuna tamkar rahoton safiyo. Jacob van Ruisdael ya zana maƙabartar Yahudawa da ke Ouderkerk kusa da Amsterdam. Kaburburan na gaskiya ne, suna nan har yau. Amma a cikin zanensa na fenti ya ajiye ƙaton kango a bayansu, da rafi mai gudu, da busasshen itace, da bakan gizo. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya ɗauko kangon ne daga wani wuri ya dasa, domin wa'azin da yake son yi ya cika: kabari, da rusasshen gini, da mataccen itace, duk suna cewa duniya ba matabbata ba ce, bakan gizo kuma na cewa akwai sauran fata. Wa'azi ne mai kyau, amma wanda ya je Ouderkerk neman kangon zai dawo da gajiya kawai.

Yanzu bari mu koma Ingila, inda abin ya zama sana'a. Wasu 'yan'uwa biyu, Samuel da Nathaniel Buck, sun yi shekaru daga 1726 suna zagaya Ingila da Wales lardi lardi, suka buga hotunan tsofaffin gidajen ruhubanawa da ganuwoyi fiye da 400. Su nufinsu adanawa ne, kafin abin da ya saura ya ɓace, kuma masana na amfani da hotunansu har yanzu don sanin yadda wasu gine-gine suke kafin su ƙara zubewa. Sai dai a ƙasan hoton sukan rubuta sadaukarwa ga mai filin da kangon yake ciki, wanda sau da yawa filin ya zo hannun danginsa ne ta hanyar waccan ƙwacewa ta Sarki Henri. Kun ga wata ma'ana ta uku ke nan: kango ya zama takardar shaidar asali, mai gida na nuna wa duniya cewa filinsa tsoho ne, mai tarihi. Har ta kai wasu masu kuɗin da ba su gaji kango ba suna ɗaukar magina su gina musu sabo fil, rusasshe tun ranar da aka gama shi.

Wanda ya fi kowa koya wa Ingilishi sha'awar kango shi ne wani limamin coci kuma malamin makaranta, William Gilpin. A 1770 ya bi kogin Wye cikin kwalekwale, a 1782 ya buga littafin tafiyar da hotuna. Shi ne ya shimfiɗa ƙa'idojin abin da ya cancanci a zana: abu mai kaushi, mai karkata, mai gaɓa-gaɓa, ba mai santsi da daidaito ba. Da ya isa kangon Tintern, sai ya ga wasu katangun sun yi masa daidai da yawa, har ya rubuta cewa da za a sami mai ƙarfin halin sa musu guduma da dabara, da sun fi kyau a ido. Allah ya gafarta malamanmu, ku ji fa, limamin coci ne ke wannan magana a kan coci. Masu yawon buɗe ido suka bi sawunsa rututu, da yawansu riƙe da wani ɗan baƙin madubi mai doro. Mutum zai zo gaban kango, ya juya masa baya, ya ɗaga madubin ya kalli wurin a ciki, domin a madubin ya fi kama da hoto. In ka ga matasanmu sun juya wa abu baya suna ɗaukar kansu hoto da waya, kada ka ce yau aka fara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin Tintern shi ne abin da ba a cika sa wa a hoton ba. Gilpin da kansa ya faɗi cewa ya tarar da matalauta sun kafa 'yan bukkoki a jikin kangon suna bara, har wata tsohuwa mai fama da ciwon ƙafafu ta ja shi ta nuna masa wani ɗan ɗaki mai danshi inda take kwana. Kusa da wurin kuma akwai ma'aikatar ƙarfe, da hayaƙinta da ƙararta. Mai sayen hoto a Landan ba wannan yake so ba. Shi a ba shi katanga da tsiro mai yaɗo a jikinta, da wata a sama, in ma za a sa talaka to a sa shi ɗan ƙarami a gefe, don a gane tsawon ginin. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kango yana da daɗin kallo ne ga wanda zai koma gidansa ya kwana.

Jamusawa su kuma suka ɗora wa abin kishin ƙasa. Bayan Napoliyon ya murƙushe Prussia a 1806, Caspar David Friedrich ya zana ayarin ruhubanawa ɗauke da makara suna shiga wani kangon coci a tsakiyar itatuwan da suka kaɗe ganye, aka nuna zanen a Barlin a 1810, sarkin Prussia ya saye shi. Mutane da yawa sun karanta shi a matsayin makokin ƙasarsu. Mafi ban sha'awa shi ne labarin babban cocin Kolon. Ba rushewa ya yi ba, aikin ne ya tsaya, aka bar hasumiyar kudu rabi, da ƙaton injin katako na ɗaga dutse a kanta, yana nan kusan shekara 400 yana fitowa a kowane hoton birnin. Mu ma'aikatan gwamnati mun san kwangilar da aka yi watsi da ita, amma ban taɓa ganin fayil mai shekara 400 ba. Sai wani ɗan birnin, Sulpiz Boisserée, ya sa aka buga manyan hotuna da ke nuna cocin kamar an gama shi. Hotunan nan suna cikin abin da ya zaburar da jama'a, aka koma aiki a 1842, aka gama a 1880, hasumiyoyin biyu suka kai mita 157. Ashe hoto na iya sa a yi gini, ba kullum ne yake sa a zauna ana jimami ba.

Na ajiye labarin Reculver zuwa yanzu domin shi ne ya fi kama da halin da muke ciki. Reculver wani ɗan ƙauye ne a bakin teku a lardin Kent. An kafa cocinsa a shekarar 669, a cikin tsohuwar ganuwar sojan Rum, aka ƙara masa tagwayen hasumiyoyi a ƙarshen ƙarni na 12, waɗanda matuƙan jirage masu shiga kogin Thames suka riƙa dogara da su. Wajen 1540 akwai kimanin rubu'in mil tsakanin ƙauyen da ruwa. Teku ta yi ta cin gaɓa, gida bayan gida, har zuwa farkon ƙarni na 19 ta iso gindin maƙabartar cocin. A 1808 dattawan majami'ar suka zauna, suka yi ƙuri'a, masu cewa a rushe suka rinjaya da ƙyar, limaminsu yana tare da su. A 1809 aka rushe ginin da ya haura shekara 1,100, har da albarushi aka yi amfani domin katangun sun ƙi faɗuwa. Aka sayar da dalmar rufin, wasu duwatsun aka kai su aikin tashar jiragen ruwa ta Margate, aka gina sabon coci can nesa da gaɓa.

Ku dubi abin da ya biyo baya. Hukumar da ke kula da fitilu da alamomin teku, Trinity House, ta ga cewa idan hasumiyoyin suka tafi jirage za su halaka, sai ta saye su a 1810 a kan Fam 100, ta yi wa gaɓar kariya. Da kariyar da aka fara a lokacin da wadda aka yi ta ƙarawa daga baya, teku ba ta ci wurin ba har yau. Watau ginin da aka rushe don tsoron ruwa, gurbinsa yana nan a bushe bayan shekara fiye da 200. Sabon cocin kuwa an yi masa aikin ha'inci, bai cika shekara 70 ba sai da aka sake gina wani. Ginshiƙai biyu na tsohon, waɗanda aka tsinto daga baya, suna ajiye a babban cocin Canterbury. Su kuma masu zane suka yi ca a kan hasumiyoyin. William Daniell, wanda ya zagaya gaɓar Birtaniya ya buga hotuna 308 tsakanin 1814 da 1825, ya sa su a cikin jerinsa. Wanda ya sayi hoton zai ga tagwaye tsaye a bakin gaɓa, ruwa na dukan ƙasa, ya yi ajiyar zuciya ya ce haka zamani yake, komai ƙarfin gini teku ta fi shi. Alhali ba teku ce ta rushe Reculver ba, taron kwamiti ne. A ganina wannan shi ne babban aibin irin waɗannan hotuna, duk da kyansu: sukan ɗauki laifin mutane su jingina wa zamani, kowa ya tashi hannunsa a wanke.

Don kada in yi wa teku ƙarya, akwai inda ita ce ta yi aikin. A Dunwich, wadda ta taɓa zama babbar tashar jiragen ruwa a gabashin Ingila, cocin All Saints ya riƙa zubewa daga kan gaɓa sashe sashe tun daga 1904, har hasumiyar ta bi sauran a 1919. Lokacin kyamara ta zo, saboda haka akwai hotunan kati da ke nuna ginin yana raguwa shekara bayan shekara. Akwai kuma inda aka bar kango da gangan, ido buɗe. Mutanen Barlin sun ƙi yarda a kawar da guntuwar hasumiyar cocin tunawa da Sarki Wilhelm da bama-bamai suka farfasa a 1943, aka gina sabon coci a gefenta aka bar ta don ta riƙa tuna musu yaƙi. Haka aka yi a Coventry, inda aka buɗe sabon babban coci a 1962 a jikin kangon wanda aka ƙona a 1940. Amma ku lura, a wuraren nan biyu an gina inda za a yi ibada tukuna, kangon kuma ana kashe masa kuɗi kullum don kada ya faɗo a kan mutane.

Wannan ido na Turawa ya iso ƙasarmu ma. Heinrich Barth, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarim, ya shiga Agadas a 1850, ya zo Kano a 1851. Da aka buga littafinsa a 1857 da 1858, wani mai zane a Jamus, Johann Martin Bernatz, shi ya mayar da zane-zanen da Barth ya yi a hanya suka zama hotunan ɗab'i, ciki har da Kano daga kan Dala da kuma Agadas da hasumiyarta. Barth ya ba da labarin unguwannin Agadas da suka zama kufai. Ina kyautata zaton mai karatu a Landan, wanda aka yi shekara 100 ana koya masa cewa hasumiya a kan kangaye alamar abin da ya wuce ce, haka ya karanta wannan ma. Amma hasumiyar Agadas ba kango ba ce. An sake gina ta a 1844, shekara 6 kacal kafin zuwan Barth, itatuwan da suka yi cirko-cirko a jikinta kuma su ne matakan masu yaɓe. Tana nan tsaye, mita 27, ana salla a masallacinta. Ginin ƙasa bai san zaman kango na shekara 500 ba. Ko a yaɓe shi, ko damina kaɗan ta mai da shi tudu. Shi ya sa magabatanmu ba su koyi zama suna sha'awar kango ba, su gyara suka sani.

To, ranka ya daɗe, ga inda maganar ta iso gida. Kowa a nan ya ga hoton babban zauren taronmu da ke yawo a dandalinmu na WhatsApp tun da iska ta yaye kwanonsa. An ɗauke shi da yamma, rana na faɗuwa ta cikin tagogin da ba gilashi, ga tsohon tankin ruwa a bayansa, ga darbejiyar da ake rataye wilin motar da ke tashinmu da asuba. Hoton ya yi kyau, ni ma na ajiye shi a wayata. An yi ta rubuta Allah sarki a ƙarƙashinsa, har an kawo shawarar a sa shi a bangon mujallarmu ta baɗi. Abin da babu a cikinsa shi ne yaran da ke tsayuwar asambuli cikin rana, da waɗanda ke rubuta jarrabawa a ɗakin cin abinci. Wanda ya ɗauka ya jira sai da aka tashi daga makaranta.

Bayan hutun rabin lokaci za a kawo mana batun zauren, kuma na ji akwai masu cewa a rushe a yi sabo, akwai masu cewa a gyara, akwai masu cewa a bar wa gwamnati. Ni ma'aikacinta ne, na san tsawon layin da fayil ɗinmu zai bi, kuma katangar da ba rufi ba za ta jira shi ba. Roƙona guda biyu ne. Na farko, kada mu ɗaga hannu a kan rushewa sai injiniya ya duba harsashin da katangun ya ba mu rahoto a rubuce. Muna da injiniyoyi aƙalla uku a cikin wannan ɗaki, ina ganinsu suna sunkuyar da kai. Na biyu, idan za a sa zauren a bangon mujalla, a sa hotuna biyu: yadda yake yau da safe, yara na tsaye a gabansa, da kuma zanen yadda zai kasance in an rufa shi, da kiyasin kuɗin a ƙasa.

Na kawo kwafin hotuna 12 daga cikin waɗanda na ambata, suna kan teburin da ke bakin ƙofa, na Reculver shi ne na uku daga hagu. Ina roƙon a duba a mayar, domin na yi wa ɗakin karatu na makaranta alkawarinsu.